Shekarar da Shamuwa Ta Yi Magana da Muryata

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko a Kano. Ba wani ruwan a-zo-a-gani ba ne, ya dai jiƙa kwalta ya tayar da ƙamshin ƙasa, kwatoci ma ko motsi ba su yi ba. Ina janye teburin wayoyi daga bakin shagona sai maƙwabcina tela ya leƙo ya ce, "Malam Habibu, ya ruwa?" Ban san sa'ad da bakina ya ce "Ya yi gyara" ba. Shekara bakwai ke nan ina fama da wannan gaisuwa. Kowa yana amsa ta ya wuce abinsa, ni kuwa duk ruwan farko sai ta mayar da ni wata damina da nake so in manta.

Ni mutumin wani ƙauye ne gabas da Minjibir, inda gona take jingine da gona, ba ka da wurin da za ka tsaya ka ce nan daji ne. Gonarmu jigawa ce, yashi zalla, in ta sha ruwa da safe kafin azahar ta manta. Don haka Baba ba ya taƙama da gona. Taƙamarsa wani irin gero ne da ya gada daga kakanmu Gambo. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta da tsayi amma a cike take dam, yana nuna da wuri, kuma ya san halin yashinmu. Ɗan-Gambo ake ce masa a yankin. Duk kaka kafin a yi girbi Baba zai shiga gona shi kaɗai da wuƙa, ya bi layi-layi yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure dami biyu ya rataye a saman rumbu. Ɗaya na shukar fari, ɗaya na ko-ta-kwana. Na biyun nan ba ya zuwa gona sai Baba ya tona ƙasa da hannunsa ya ga lema ta kai taƙi guda, wato tsawon buɗaɗɗen hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ko yunwa za ta kashe gidan ba a dafa su, kuma ba a sayarwa. Wanda ya zo neman iri a ba shi, in ya girbe shi ma ya tuna da wani.

Ni kuma boko na bi. Na karanci kwamfuta a birni, na gama, na shiga sahun masu jiran aiki. A wannan zaman jira ne na faɗa cikin wata ƙungiya ta masu rubuta manhaja. Mu goma sha wani abu ne, duk Asabar muna haɗuwa a wani ɗaki a saman bene, fanka ɗaya, janareta mai tarin tsufa, kowa da laftof ɗinsa da ya sha gyara har ya gaji. Aƙidarmu ɗaya ce kuma muna ji da ita: duk abin da muka rubuta a buɗe yake a intanet, kowa ya duba, ya ɗauka, ya gyara, babu ko kwabo. Ranar da wani bawan Allah daga wata ƙasa, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, ya gyara mana layi uku a rubutun manhajarmu, mako guda muka yi muna ba da labari. Mutum biyu su ne ginshiƙanmu. Mubarak shi ne mai baki, in ya fara bayani sai ka ɗauka gobe za a wayi gari an gyara Arewa. Rukayya kuwa sai ta wuni ba ta ce uffan ba, amma rabin abin da yake aiki a ɗakin nan hannunta ne.

Ni na kawo shawarar abin da muka sa wa suna Shamuwa, don tsuntsuwar nan da in ta dawo kan rimi an san damina ta kusa. Na ce babbar asarar manomi ita ce ya yi shuka a ruwan da bai kai ba. Mutum ɗaya gonarsa kawai yake gani, amma in aka haɗa labarin ƙauyuka goma sha biyu za a san ko damina ce ta zauna ko hadari ne kawai ya ratsa. Tsarin ba shi da wuya. In aka yi ruwa wani ya yi wa lambarmu filashin, sai manhajar ta kira mutum uku-uku a kowane ƙauye ta tambaye su. In mafi yawansu suka ce ruwa ya yi, sai ta kira duk manoman da suka yi rajista ta ce a fita shuka. Manomanmu ba sa karanta saƙo, don haka sai da murya. Aka ce wa ya fi Hausar ƙauye a baki? Aka nuna ni ana dariya. Na shiga lungu na lulluɓa da bargo don kada ƙarar janareta ta shigo, na ɗauki magana biyu. Ta farko: "Salamu alaikum. An yi ruwa a garinku. In ruwan mai yawa ne danna ɗaya, in kaɗan ne danna biyu." Ta biyu: "Salamu alaikum. Ruwan shuka ya sauka. A fita shuka." Ni na tsara tambayar, ni na faɗe ta, har tafi aka yi mini.

Da bazara na je gida yin rajista. Na zauna da Baba a zaure ina ta zuba masa bayani yana gyaɗa kai.

"To wa ya mallake ta?" in ji shi.

"Babu kowa, Baba. Ta kowa ce. Mai so ya ɗauka ya yi amfani, in ya ƙara wani abu ya mayar wa jama'a."

Ya riƙa juya tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba. Can ya ce, "Ashe kamar iri ce."

Sau uku ya sa na kunna masa muryar. Washegari shi da kansa ya riƙa zagawa da ni majalisa-majalisa yana cewa, "Ku ba da lambarku, aikin Habibu ne." Kafin mako ya zagayo kusan duk magidantan ƙauyen suna cikin littafina, shi kuma yana cikin ukun da za a riƙa tambaya.

A shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda bai yi azumi a ƙauye a irin wannan lokaci ba bai san ƙishirwa ba. Tun hantsi rana take tsayawa a ka, yashi ya ɗauki zafi har ta cikin silifa kana jinsa. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga ya dawo da rabinsa laka, sai an ajiye ya kwanta. Awaki su lafe a jikin katanga suna haki. Maza sun gama sharar gona, an kai taki a amalanke an zuba tsibi-tsibi, an gyara sungumi, babu sauran aiki sai kallon gabas. Bayan la'asar kowa ya fito gindin darbejiya da jiƙaƙƙen tsumma a wuya, magana ma ƙyashinta ake yi. Inna takan jiƙa tsamiya tun azahar, ta rufe tulu da buhu mai lema don ruwan buɗa-baki ya yi sanyi. Hatsin rumbu ya riga ya yi ƙasa, tuwon ma da lissafi ake tuƙa shi.

Ran biyu ga azumi hadari ya haɗu da yamma. Iska ta kwashi ledoji da karan danni, sannan ruwa ya sauko, bai kai a dafa shinkafa ba ya ɗauke. Da safe muna zaune wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya danna, ya mayar aljihu. Ban tambaye shi me ya danna ba. Ba a jima ba ta sake ƙara, wannan karon duk unguwar. Ina tsaye a ƙofar gida ina jin muryata tana fitowa daga zaure uku a lokaci guda: "Ruwan shuka ya sauka." In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya, kaina sai da ya kumbura.

Aka sauke damin farko, Inna ta sussuke, muka fita. Baba a gaba da sungumi, taku ɗaya sara ɗaya, mu muna biye da ƙoƙuna, ka ɗebo da yatsa uku ka jefa ka take da dunduniya. Duk inda ka waiga mutane ne a gona, kamar ranar kasuwa. Na lura in sungumi ya sara, yashin da yake juyowa daga ƙasa fari ne, busasshe. Da idona na gani. Sai na ce a raina ai ƙauye goma sha biyu sun fi ramin sungumi ɗaya sani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha jin haka, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Na koma birni. Labarin gona a bakin Inna nake ji ta waya. "Ya tsiro, siri-siri kamar allura." Bayan kwana biyar, "Ganyen ya fara naɗewa." Bayan wasu kwanakin, "Ya kwanta, Habibu." Kwana goma sha biyu babu ko ɗigo. Mutuwar shukar fari ba baƙon abu ba ne a wajenmu, don ita ma aka yi damin ko-ta-kwana. Baƙon abu shi ne a wannan karon kowa ya fita rana ɗaya, har dattawan da suka saba jan ƙafa, wasu ma suka zuba irinsu duka. Sai aka fara sallama a zaurenmu. Baba ya sauke dami na biyu aka sussuke, wannan ƙoƙo ɗaya, wancan ƙoƙo biyu. Inna ta yi magana ya ce, "Iri ne fa. Ba a hana iri." Abin da ya rage masa ƙwarya ɗaya ce, daidai gonarmu.

Asabar ɗin makon na je ɗakin bene. Mubarak ba ya nan. An ɗauke shi wani shiri a Legas inda ake horar da masu sababbin kamfanoni, don a lokacin abin da ake yayi ke nan, kowa ka taɓa sai ya ce yana da sitatof, wato sabon kamfanin fasaha mai neman jari. Shamuwa ma ta zama sitatof ba tare da an zauna an tambayi kowa ba, mu kuma muka yi ta murna an san da mu. Ina shiga Rukayya ta yafito ni.

"Habibu, zo ka ga."

Ta juyo mini laftof. Jerin amsoshin manoma ne daga sama har ƙasa. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya.

"Tun da muka fara gwaji, a duk ƙauyukan nan babu wanda ya taɓa danna biyu," ta ce. "Ko mutum ɗaya. Na duba ko maɓallin ne ba ya aiki, yana aiki." Ta ɗago ta kalle ni. "Kai ne ɗan ƙauye. A garinku in aka tambayi mutum ya ruwa, yana cewa kaɗan ne?"

Tun ina goye nake jin amsar nan. Ko yayyafi aka yi, ya yi gyara. Ko ƙanƙara ta kakkarya dawa, ya yi gyara. Wane manomi ne zai sa yatsansa ya shaida cewa abin da Allah ya saukar masa kaɗan ne, kuma da azumi a bakinsa? Ashe godiyar mutane muke tarawa, mu juya ta mu mayar musu a matsayin umarnin shuka. Da baƙo ne ya tsara tambayar da an yi masa uzuri. Ni a cikin gaisuwar nan aka raine ni.

Kafin la'asar Rukayya ta rubuta gyara. Aka canja tambayar ta koma, "Tona ƙasa. In lema ta kai taƙi danna ɗaya, in ba ta kai ba danna biyu." Na sake shiga bargo na ɗauka. Sauran 'yan ƙungiya suka duba suka ce ya yi. A nan muka ci karo da abin da ba mu taɓa tunawa da shi ba. Rubutun manhajar a buɗe yake ga duniya, gaskiya ne. Amma kwamfutar da aka yi haya a intanet take gudana a kai, da layin da yake kiran mutane, makullinsu ɗaya ne, kuma yana hannun Mubarak. Muka kira shi.

"Haba mutanena, kar a taɓa komai yanzu," ya ce. "Saura kwana goma mu tsaya gaban masu zuba jari. Abin da ya fi burge su shi ne manoma suna amsa kira. In kun canja wani abu ya karye, me zan nuna?"

"Mubarak, shukar mutane ta mutu," na ce.

"Na sani. Wallahi na ji ba daɗi."

"To ka kashe kiran shukar kawai, ka bar sauran."

"In na kashe za a ga mun tsaya. Habibu, ka gane mana. In jarin nan ya shigo, ba ƙauye goma sha biyu ba, jiha guda za mu taimaka. Kwana goma ne kacal."

Ba mugu ba ne, har yau ba na ce masa mugu. Ya yarda da abin da yake faɗa, kamar yadda na yarda da nawa a gona. Muka yi ta magiya har ya ce ana kiransa ya kashe wayar. Rukayya ta rufe laftof ta ce da ni, "To ka kira mutanenku da bakinka ka gaya musu." Na ce zan kira.

Ga inda laifina yake, kuma ba na neman a rage mini. Ina da lambar Baba. Magana ɗaya ce: in ka ji muryata kar ka fita. Sau biyu na kira shi don in faɗa. Mu gaisa, sai ya ce, "Ya aikin naku? Jiya a masallaci ana ta sa maka albarka." Sai maganar ta maƙale, in ce lafiya lau, in tambayi jikin Inna, in kashe. Kunya ta riƙe mini harshe. Na riƙa leƙa sama ina ganin sararin fes, ina gaya wa kaina kwana goma ba wani abu ba ne.

A kwana na biyar aka yi ruwa a ƙauyukanmu gab da magariba. A birni ko iska ba a yi ba, don haka ban sani ba. Da safe wajen ƙarfe takwas Rukayya ta kira ni. "Habibu, Shamuwa ta kira mutane. Tun ɗazu." Nan take na buga wa Baba. Inna ce ta ɗauka.

"Ya fita tun ɗazu da sungumi, ya bar wayar a kan tabarma. Ai kai ka kira."

"Inna, a aika a ce ya tsaya! Kar ya zuba irin nan!"

"Wa zan aika? Duk unguwa an watse gona."

"Inna, don Allah ki je da kanki."

Inna ta shekara tana fama da ciwon gwiwa, gonar jigawa kuwa tafiya ce mai nisa. Ta ce, "To."

Na hau ɗan sahu zuwa tasha. Motar Minjibir saura mutum biyu ta cika, direba ya kafe ba zai tashi ba. Na biya kujerun biyu, ya tashi, ya tsaya shan mai, ya tsaya aka ɗaura buhuna, ya tsaya wata mata ta sauka ta tuna ta bar ƙullinta a ciki. Ina zaune a matse, gumi yana bin bayana, maƙogwarona a bushe, ina kallon gonaki ta taga ko'ina mutane a sunkuye. Babu abin da zan iya yi sai duba agogo. Daga Minjibir na hau acaɓa. A rabin hanyar gona na tarar da Inna zaune a gindin wata tsamiya ta miƙe ƙafa, leɓenta ya bushe.

"Gwiwar ta ƙi," ta ce. "Kuma ni ban ma san me zan ce masa ba. Ka ce a shuka, ka ce kar a shuka."

Da na isa gona rana ta kusa tsakiya. Baba yana zaune a kan iyaka, sungumi a kwance a gefensa, ƙwaryar a kife. An gama. Na durƙusa na cusa hannu a yashi. Yatsa uku, daga nan sai busasshe mai ɗumi.

"Baba, ka tona kuwa?"

"Na tona."

"Ta kai taƙi?"

"Ba ta kai ba."

"To don me ka zuba?"

Ya dube ni da mamaki, ba da fushi ba. "Na ji muryarka. Na ce ni gonata kawai nake gani, kai kuwa kana ganin gari goma sha biyu. Wataƙila wani ruwan yana tafe."

"Da ta tambaye ka da safe, me ka danna?"

"Ɗaya."

"Baba, ai ruwan kaɗan ne."

"To me zan ce, Habibu? In ce Allah ya ba ni kaɗan?"

A nan kan iyaka na gaya masa komai, har kiran da na yi sau biyu na kasa magana. Ya saurara har na gama. Ya ɗauki ƙwaryar ya kaɗe ta a gwiwa, ya ce, "Tashi mu je mu ɗauko uwarka a rana." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ƙwayar gero in ta shiga yashi ba ta tsintuwa, da tana tsintuwa da na kwana uku ina rarrafe a gonar nan.

Ban koma birni ba. Na zauna na ga abin da idona. A kwana na huɗu ya tsiro, layi-layi, kore shar, ɗan-Gambo na ƙarshe a duk ƙauyen. Kullum da hantsi sai mu je ni da Baba mu tsaya, ba don akwai aiki ba. Da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, a kwashe shanya, a jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da yashi a haƙori. Sau uku ana haka. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, tsofaffi suna kuka a fili. Na gwada ɗiban ruwa a jarka daga rijiya ina bin layi da moɗa, na yi layi biyu Baba ya ce in bari, ruwan sha ma bai ishi unguwa ba. Ganyen ya naɗe, ya koma ruwan toka, sannan ya kwanta. Ranar Salla muka biya ta gona daga idi da sababbin kaya, iska tana ɗaukar tsiron kamar tsinken tsintsiya.

Ruwan gaske sai kwana goma bayan Salla ya zo. Ya kwana yana zuba ya wuni, ka tona har gwiwar hannu lema ce. Ga ruwa babu iri. Aka sayar da tunkiyar Inna aka sayo na kasuwa a leda, dogon gero mai son ƙasa mai ƙarfi, aka shuka a makare. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Rumbu ya ƙare tun kafin gero ya fitar da kai. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran kuwa tafasa da rama da zogale, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Mutum ya yi noma da safe a kan kunu tsararo, in ya ɗago daga kan fartanya sai ya ga gonar tana juyawa. Ni da na jawo abin, da ni ake raba ɗan abin da ya rage, kuma Inna ni take tura wa babban kaso.

Na yi yawon neman ɗan-Gambo. Duk gidan da Baba ya taɓa ba iri na je, kowa ya ji murya ɗaya ya fita rana ɗaya. Har Shanono na je wurin wata gwaggonmu da aka ce ta tafi da shi shekarun baya. Ta ɗauko mini zangarniya doguwa siririya, ta ce tun tuni ya gauraye da na maƙwabta, sunan ne kawai ya rage. Da kaka ta zo na zuba ido ko Baba zai ɗauki wuƙarsa ya shiga zaɓen iri. Bai shiga ba. Igiyar da ake rataye damin nan biyu tana nan a saman rumbu, babu wanda ya kwance ta.

Jarin bai samu ba. Masu kuɗin sun ce manoma ba za su iya biya ba. Kuɗin hayar kwamfutar ya ƙare, Shamuwa ta yi shiru da kanta kafin damina ta fita. Mubarak yana Legas yana wa wani kamfani aiki, mukan gaisa da Salla. Rukayya tana gidanta a nan Kano tana rubuta wa mutanen ƙasar waje manhaja. Yanzu ɗakunan bene irin namu sun yi yawa a gari, da sola da kujeru masu juyawa, yaran sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Ni dai na buɗe shagon gyaran waya. Gyaran da Rukayya ta rubuta yana nan a intanet har yau, a buɗe, kowa yana iya karantawa, da muryata a jiki tana cewa a tona ƙasa.

Yau da safe na kira Baba, don na ji ruwan jiya ya kai wajensu. Ya tsufa, sai an ɗaga murya.

"Baba, ya ruwa?"

"Ya yi gyara."

"Ka tona?"

"Na tona."

"Yatsa nawa?"

Ina jin zakara a bayansa, da ƙarar leda, na san ta irin kasuwa ce yake juyawa a hannu.

"Idon nawa da hannun nawa ban cika yarda da su ba yanzu," ya ce. "Kai me na'urarku ta nuna?"

"Baba, ai babu na'urar. Ta daɗe da mutuwa."

"To ai kai kana nan. Kai ka yi karatu. Mu shuka ko mu jira?"

Na riƙe wayar a kunne, ina kallon kwaltar da ta riga ta bushe a ƙofar shago. Shi kuma yana can yana jira in yi magana.